Masu Kallon Landan da Masu Noma Mata Auduga

A kudu da garin Sinnar, a bakin kogin da Larabawa suke kira Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu, akwai wani gari mai suna Mai Wurno. Baƙon da ya fito daga Sakkwato ko Kano, in ya sauka a can, zai ji ana ciniki a kasuwa da Hausa da Fillanci a gauraye da Larabcin Sudan. In ya yi arewa ya shiga Jazira, ƙasar da take tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, zai riƙa tarar da ƙananan ƙauyukan Hausawa a gefen gonaki da magudanan ruwa. Kakannin mutanen nan sun baro ƙasar Hausa, waɗansu don kada Bature ya mulke su, waɗansu don su sauke farali a Makka. Ba su taɓa sa ƙafa a birnin Landan ba, amma birnin ya shiga cikin zamansu fiye da yadda ya shiga na 'yan'uwansu da suka je suka gan shi da idonsu.

Bahaushen farko da aka sani ya kalli Landan, ya kuma bar labarin abin da ya gani, shi ne Dorugu. An haife shi wajen 1840 a ƙauyen Dambanas kusa da Kance, a ƙasar da yau take cikin Jamhuriyar Nijar. Yana yaro mahara suka kama shi, aka bi da shi ta Damagaram, aka kai shi Kukawa ta Barno a matsayin bawa. A can wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi ana ce masa Abbega. Da Overweg ya mutu a bakin Tafkin Cadi a 1852, yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da suna Abdul Karim. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su Barth su bincika ƙasashen nan. Tare da shi yaran suka ratsa Katsina da Sakkwato da Gwandu har Tambutu, suka komo ta Kano, sa'an nan suka haye Sahara zuwa Tarabulus. Jirgin ruwa ya kai su Malta da gaɓar Faransa, jirgin ƙasa ya kai su Faris, a farkon watan Satumba na 1855 suka shiga Landan. Dorugu bai wuce shekara goma sha biyar ko sha shida ba.

Sai mai karatu ya auna abin da yaron ya tarar. Barth ya ƙiyasta mazaunan birnin Kano wajen mutum 30,000 lokacin da ya fara ganinta a 1851, Kano kuwa ita ce babbar kasuwar da Dorugu ya sani. Landan a lokacin tana da mutum fiye da miliyan biyu, ba birnin da ya kai ta a duniya. Hayaƙin gawayin kwal ya rufe samanta, fitilun gas suna ci a tituna da dare, kekunan doki suna ta kai da kawowa. Kogin Tems kuwa ya ƙazantu ƙwarai, har a 1858 warinsa ya dami 'yan majalisa a zaurensu. Cutar kwalara ta kashe dubban mutane a birnin shekara ɗaya kafin zuwansu. Hasumiyar babban agogon nan da hotonta ya cika kalandu a yau, ba a gama gininta ba sai 1859, jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma ya fara aiki a 1863, Dorugu yana Ingila tukuna.

Abin mamaki shi ne, da ya zo ba da labari, abin da ya fi daɗewa a kai shi ne yadda Turawa suke cin abinci in sun yi baƙi. Ya bayyana yadda ake shiga ɗakin cin abinci namiji yana riƙe da hannun mace, da yadda ake jera wuƙaƙe da cokula, da yadda ake kawo abinci iri bayan iri, da abin da ake yi bayan an gama. Ya faɗi waɗannan duka a natse, ba yabo ba zagi, kamar mutumin da ya halarci bikin wata kabila yana so ya faɗa wa mutanen garinsu yadda ake yi. Barth ya shekara biyar yana kallon Hausawa da Barebari, yana rubuta tufafinsu da abincinsu da gaisuwarsu, har ya cika manyan littattafai biyar. Ashe yaron da yake yi masa hidima shi ma yana kallo. Da suka iso Turai ya juya irin wannan ido a kan mutanen maigidansa, kuma idonsa bai kasa na maigidan kaifi ba. Ya ga Hambag da Balin a Jamus, ya sha sanyin da bai taɓa sani ba, duk ya riƙe a kansa, gama bai iya rubutu ba a lokacin.

Wanda ya rubuta labarin daga bakinsa shi ne Fasto J. F. Schön na mishan ɗin CMS. Schön ya bi jiragen da suka hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, a nan ya fara tattara kalmomin Hausa, ya buga ɗan littafinsu a 1843. Rashin lafiya ya mai da shi Ingila, ya zama mai hidimar wani asibiti a Catam, kudu maso gabas da Landan, amma zuciyarsa tana kan Hausa. Da ya ji akwai yara biyu masu jin harshen a ƙasar, sai ya nemi a bar su a wurinsa. Barth ya riga ya shirya mai da su gida, don haka abin ya ɓata masa rai matuƙa, aka yi ta musayar magana tsakanin mutanen biyu. Yaran dai suka zauna. Aka yi musu baftisma, Dorugu ya sami suna James Henry. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu ya zauna gidan Schön har 1864.

A cikin shekarun nan ne aka kafa harsashin rubutun Hausa na boko. Kafin 1860 an buga Littafin Farawa da waɗansu littattafan Sabon Alkawari da Hausa, nahawun Schön ya fito a 1862, ƙamus ɗinsa a 1876, Sabon Alkawari duka a 1880. Labarin Dorugu da tatsuniyoyin da ya bayar suka fito a littafin Magana Hausa a 1885. Sunan Schön ne a bangon littattafan, shi aka ba lambar girma a Faransa da digirin girmamawa a Okasfod, ya kuwa yi wahalar da ta cancanci haka. Amma Hausar da ke ciki, da karinta na wajen Damagaram, da maganar yaro ɗan ƙauye, yawancinta ta Dorugu ce. Duk mai bi da yake buɗe Littafi Mai Tsarki da Hausa ranar Lahadi yana da ɗan bashin yaron nan a wuyansa. Wanda ya san labarin Yusufu, da aka sayar ya tafi baƙuwar ƙasa ya zama sanadin abinci ga mutane da yawa, ba zai rasa tunawa da shi a nan ba. Sai dai fatan Schön na yaran su koma su zama masu bishara a ƙasarsu bai cika yadda ya so ba. Dorugu ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar da boko a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A can ya rasu a 1912.

Bayansa, masu zuwa kallon Landan daga ƙasar Hausa sarakuna ne. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa a Ikko a 1921, ya sauka Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar, daga nan ya wuce Makka ya yi aikin haji. Ya sake komawa a 1924, shekarar da aka yi babban baje kolin ƙasashen mulkin Ingila a Wembili, inda aka gina wa Nijeriya rumfa da ganuwa kamar ta biranen Arewa. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka je tare. Ana zagayawa da irin waɗannan baƙi fadar sarki da gidan namun daji da masana'antu da wuraren faretin soja, kuma ba a banza ake zaɓen wuraren ba. Turawa sun san gani ya kori ji, suna so sarakunan su koma gida su faɗi ƙarfin da suka gani. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je a 1943 ana tsakiyar yaƙi tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya zauna da tsohon Gwamna Lugga ya faɗa masa abubuwan da ke damun 'yan bokon Arewa, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Hajin Dikko ta hanyar Landan watanni ya ɗauka. Talakan da ya kama hanyar gabas da ƙafa ko a kan jaki yakan shekara da shekaru, da yawa kuma ba su kai ba. Wannan hanya tsohuwa ce, amma abin da ya cika ta da mutane shi ne faɗuwar Kano a watan Fabrairu na 1903 da ta Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashin Turawa, ya yi kiran hijira zuwa gabas, jama'a suka bar gonaki da kasuwanni suka bi shi. Sojojin Lugga suka cim musu a Burmi, a ƙasar Gwambe, ranar 27 ga Yuli 1903, aka kashe Attahiru da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, ya ja waɗanda suka tsira suka ci gaba. Wajen 1906 suka iso Shuɗin Nilu, suka fara sauka a Shaikh Talha, sa'an nan suka kafa garin da ya ɗauki sunansa a ƙetaren kogin.

Yana da kyau mai bi ya lura da kalmar da mutanen nan suke kiran abin da suka gudu daga gare shi. Nasara suke cewa, kalma ɗaya ga Bature mai bindiga da kuma Kirista. A kunnensu ba bambanci tsakanin wanda ya harbe iyayensu a Burmi da wanda ya zo da Bishara, gama daga gari ɗaya aka aiko su, a jirgi ɗaya suka zo. Masu bi na ƙasar Hausa sun sha ɗaukar nauyin wannan kalma, ko da yake su ba su harbi kowa ba, kuma wanda bai san labarin Burmi ba ba zai gane inda nauyin ya fito ba.

Ga shi kuwa, da masu hijirar suka iso Nilu sai suka tarar Nasaran ya riga su. Sojojin Kitchener sun ci mabiya Mahadi a Omdurman tun 1898, a 1899 aka kafa mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar, wanda a zahiri Landan ce take juya shi. Yaƙe-yaƙe da yunwa na zamanin Mahadiyya sun rage mutanen ƙasar ƙwarai, sabuwar gwamnati tana neman hannayen noma ido rufe. Don haka ta karɓi Mai Wurno, ta ba shi ƙasa, ta amince da sarautarsa a kan jama'arsa. Ɗan wanda Turawa suka kashe a yamma ya zama sarki da yardar Turawa a gabas, garinsa kuma ya zama zango ga duk mai zuwa daga ƙasar Hausa da Barno. Mutanen Sudan suka haɗa su duka, Bahaushe da Bafillace da Babarbare, suna ce musu Fallata ko Takari.

Abin da ya ɗaure waɗannan mutane da Landan shi ne auduga. Masaƙun Lankasha a Ingila suna cin auduga fiye da yadda suke samu, masu su kuma ba su so su dogara ga Amurka kaɗai. A 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Manchesta. Da farko sun sa ido a kan ƙasar Kano, wadda tun zamanin Barth aka san ta da saƙa da rini, amma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, masaƙan gida kuma suna sayen audugar da tsada. A Jazira kuwa ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, baƙar laka, tana ɗan gangarawa daga Shuɗin Nilu zuwa Farin Nilu, yadda in aka tare ruwa a sama zai bi magudana da kansa ba sai da inji ba. A 1913 majalisar Ingila ta tsaya wa gwamnatin Sudan lamunin bashin fam miliyan uku don wannan aiki. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya jinkirta shi, sai a 1925 aka gama madatsar ruwan Sinnar, 'yan mil kaɗan daga Mai Wurno, aka fara ban ruwa ga fadan 300,000. Fadan ɗaya ya ɗara eka kaɗan.

Kamfanin Sudan Plantations Syndicate, mai ofishi a Landan, shi ya riƙe aikin har 1950. Aka yanka ƙasar gona gona, kowace ana kiranta hawasha, fadan talatin, goma daga ciki na auduga. A farko manomi yana samun kashi 40 cikin 100 na kuɗin auduga, gwamnati 35, kamfani 25. Bature mai duba gona shi yake faɗin ranar shuka da ranar ban ruwa. To, manomi da iyalinsa ba za su iya cire audugar fadan goma ba, musamman da cira ta kama daga watan Janairu, sai an nemi 'yan ƙodago. Maniyyata daga yamma, waɗanda guzurinsu ya ƙare a hanya, su suka cika wannan gurbi. Mutum yakan ce bari ya yi kaka ɗaya ya tara kuɗin jirgin Sawakin zuwa Jidda, kaka ɗaya ta zama biyar, ya yi aure, ya haihu, bashi ya hau kansa. Da kasuwar duniya ta faɗi a farkon shekarun 1930, manoma da yawa 'yan ƙasa suka yar da gonakinsu, waɗansu Fallata suka karɓa. Amma mafi yawansu sun zauna a sansanonin bakin gona da ake kira kambo, a ƙasar da ba tasu ba. Audugar da suka cira akan gurza ta, a ɗaure, a sa a jirgin ƙasa zuwa Fot Sudan, daga nan sai Libaful, inda ake yanke farashinta ba tare da an tambayi ko ɗayansu ba. Wani masani mai suna C. Bawa Yamba, wanda ya zauna a irin ƙauyukan nan, ya nuna a littafinsa na 1995 cewa har jikoki da tattaɓa kunne suna kiran kansu masu hanyar Makka, da yawa ba sa gina gidan bulo don kada a ce sun zauna.

Daga Sudan ma an je kallon Landan. A 1919 tawagar manyan shehunnai da shugabannin kabilu ta je taya Sarki Joji murnar cin yaƙi, Sayyid Ali al-Mirghani yana gaba. A cikinsu har da Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi, wanda ya miƙa wa sarkin takobi alamar biyayya, sarkin ya mayar masa ya ce ya riƙe. Bayan wannan ziyara arzikinsa ya bunƙasa da noman auduga a tsibirin Aba a kan Farin Nilu, kuma cikin masu yi masa noma akwai mutanen yamma da yawa da suka zo saboda ƙaunar mahaifinsa.

Masu mishan ba su isa ƙauyukan nan ba sosai. Kalmar Sudan da ke cikin sunan SIM da SUM tana nufin dukan ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara, tun daga Kwara har Nilu, kuma Dokta Karl Kumm, wanda ya kafa SUM a 1904, ya so a jera tashoshin mishan daga wannan kogi zuwa wancan. A 1909 ya taka hanyar da kansa daga Nijeriya har Hartum. Amma gwamnatin Sudan ta hana wa'azi a cikin Musulmin arewacin ƙasar, kamar yadda aka taƙaita shi a masarautun Arewacin Nijeriya. SUM ta yi aiki a Duwatsun Nuba, SIM kuma, da Italiya ta kore ta daga Habasha, ta shiga cikin Maban da Uduk a can kudancin Shuɗin Nilu a ƙarshen shekarun 1930. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a Landan a 1932, wanda Dokta Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka yi wahalarsa, ya sami masu karatu a Filato da kudancin Zariya da Adamawa, cikin kabilun da Hausa ba harshen uwarsu ba ce. Hausawan Jazira da Mai Wurno Musulmi ne har yau.

Abin da Turawa suka bari a baya da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne wata rana a cikin doka. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da wadda ta gaje ta a 1957 bayan samun mulkin kai, sun ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Jama'ar Mai Wurno sun makara da shekara takwas ko tara, masu cirar auduga kuwa da fiye da haka. Mutum an haife shi a Jazira, an haifi ubansa a can, amma in ya je neman takarda sai a tambaye shi asalinsa. Daga baya an matso da ranar, dokar 1994 ta mai da ita farkon 1956, duk da haka sunan baƙo bai sake su ba. A watan Yuli na 2022 Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, kabilun da suke ganin ƙasar tasu ce suka ƙi, faɗa ya tashi a Rosairis da kewayenta, aka kashe mutum fiye da ɗari. A watan Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, aka kashe wajen ɗari biyu, dubbai suka bar gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da rundunar RSF a watan Afrilu na 2023 ya iso Jazira a watan Disamba na shekarar, Wad Madani ta faɗi, noma ya tsaya a wurare da yawa. Sojoji suka sake kama garin a watan Janairu na 2025, shekarar da madatsar Sinnar ta cika shekara ɗari, a cikin watan kuma aka kai hari kan waɗansu kambo, aka kashe mazaunansu bisa zargin sun goyi bayan abokan gaba.